Jagora ga ɗalibin kasuwanci a Abuja: neman wurin sanin makamar aiki da cin moriyarsa

Ɗalibin da ke karanta akanta, harkar banki, gudanar da kasuwanci ko dabarun talla a Jami'ar Abuja, ko Baze, ko Nile, ko Veritas da ke Bwari, yana zaune ne a garin da hedikwatar kusan kowace hukumar tarayya take. Babban Bankin Najeriya yana nan, haka hukumar rajistar kamfanoni ta CAC a Maitama, da hukumar fansho ta PenCom, da SMEDAN mai kula da ƙananan sana'o'i. Duk da haka da yawa suna gama wata shida na horo ba su iya komai ba sai hanyar zuwa wurin mai fotokwafi. Laifin yawanci daga zaɓen wuri yake farawa, domin ana bin girman suna a manta da tambayar wane aiki za a ba mutum ya taɓa da hannunsa. A ranar intabiyu kuwa wannan aikin za a tambaye ka.

Fara da sanin irin horon da ke gabanka

Iri biyu ne, kuma dokokinsu sun bambanta. Na farko shi ne SIWES, wato tsarin tura ɗalibai wuraren aiki don su sami horo, wanda ɗalibai ke kira IT. Asusun horar da ma'aikata na ITF, wanda aka kafa a 1971 kuma hedikwatarsa ke Jos, shi ya ƙirƙiro tsarin a 1973. A jami'a yakan kai wata shida, yana da maki, ana ba ka littafin logbuk na rubuta aikin da ka yi kullum, malami daga makaranta yana zuwa duba ka, a ƙarshe ka rubuta rahoto ka kare shi. Sai dai ba kowace jami'a ke tura ɗaliban kasuwanci SIWES ba. Tun kana aji ɗaya ka je ofishin sashenku ka tambaya: kwas ɗinmu yana da SIWES, a wane aji, kuma wa ke kula da shi?

Idan amsar babu ce, sai iri na biyu, wato wanda za ka nema da kanka a dogon hutu. Ba shi da maki, ba mai bibiyar ka, amma a wajen mai ɗaukar aiki darajarsu ɗaya, wani lokacin ma na ƙashin kai ya fi burge shi. Mako takwas zuwa goma sha biyu ya wadatar. Ƙasa da mako shida ɓata lokaci ne, don kafin a saba da fuskarka har a miƙa maka fayil lokacin ya ƙare. Ɗaliban jami'o'in gwamnati su riƙe wannan ma: yajin aikin ASUU na 2022 ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Duk lokacin da irin wannan ya faru, a nemi wurin aiki tun makon farko, kada a zauna jiran labarin janyewa.

Inda ya kamata ka nema

Ma'aikatun Sakatariyar Tarayya da manyan hukumomi su ne kowa ke rububi. Suna da amfaninsu: za ka ga yadda fayil ke tafiya daga tebur zuwa tebur, yadda ake rubuta takardar cikin gida, yadda ake biyan kuɗi ta manhajar Remita zuwa asusun bai-ɗaya na gwamnati, wato TSA. Amma manhajojin da ake ainihin aikin kuɗi da su, irin su GIFMIS da IPPIS, ba a ba ɗalibi lambar shiga, kuma ɗaki ɗaya kan tara ɗalibai fiye da kujerun da ke ciki. Wanda ke da niyyar aikin gwamnati zai ƙaru. Wanda ke son ya koyi lissafi da hannunsa zai fi samun biyan buƙata a wani wurin.

A ganinmu, ga ɗalibin akanta babu kamar ƙananan ofisoshin odita da masu ba da shawara kan haraji, waɗanda suka cika benayen Wuse 2, Garki, Utako da Jabi. Ma'aikatansu kaɗan ne, aikin ya fi ƙarfinsu, musamman daga Janairu zuwa Yuni lokacin da kamfanonin da suka rufe shekara a Disamba ke binciken littattafai da miƙa bayanan haraji. A irin wannan ofishi, a mako na biyu za a ɗauke ka zuwa wurin abokin hulɗa ka riƙa tantance bauca da rasit. Manyan kamfanonin odita huɗu na duniya, KPMG da PwC da Deloitte da EY, suna da ofisoshi a Abuja, amma ta shafukansu na intanet suke ɗauka, da jarrabawar gwaji, kuma suna duba sakamakon karatu. A nema, amma kada a jingina da su kaɗai.

Ɗalibin gudanar da kasuwanci ko talla ya duba masana'antun Idu, manyan dillalan kayan masarufi, otal-otal, asibitocin kuɗi, makarantu masu zaman kansu da kamfanonin gidaje. Kada kuma a raina kasuwar kayan gini ta Dei-Dei. Alhajin da ke sauke tirelar siminti ko rodi yana juya kuɗin da ya fi na kamfanoni da yawa masu gilashi da na'urar sanyaya ɗaki, kuma sau da yawa lissafinsa a littafin makaranta yake. Ɗalibin da ya tsara masa rajistar kaya da ta masu bashi ya yi aikin da zai iya nunawa ko'ina. Sharaɗi ɗaya: in SIWES ne, wurin ya zama mai rajista da CAC, mai takarda mai kan suna da hatimi, in ba haka ba makaranta na iya ƙin amincewa.

Mai sha'awar bankin da ba ya ta'ammali da kuɗin ruwa yana da sa'a, domin Jaiz, wanda ya fara aiki a 2012, da TAJBank, wanda ya fara a 2019, duk hedikwatarsu a Abuja take. Amma a kowane banki ka tambaya tun farko wane sashe za a kai ka. In an ce talla, ka sani ma'anarsa yawo neman masu buɗe asusu, wani lokacin har da adadin da za a ɗora maka. Ka roƙi a raba lokacin, rabi a talla, rabi a sashen hulɗa da jama'a ko na ayyukan cikin gida.

Kafin ka karɓi kowane wuri, yi tambaya uku: a ƙarƙashin wa zan zauna, ɗalibai nawa ne a sashen, kuma akwai kwamfutar da zan yi aiki da ita? Inda aka kasa faɗa maka sunan wanda zai kula da kai, zaman banza ke jiran ka.

Takardu da yadda ake kai su

Ka fara nema wata uku kafin ranar farawa. Abin da za ka haɗa: wasiƙar gabatarwa daga makaranta, wasiƙarka ta neman gurbi, CV na shafi ɗaya, kwafin katin shaidar ɗalibi da hoton fasfo biyu. Ka yi aƙalla saiti goma sha biyar, domin a wuri goma da wuya fiye da biyu ko uku su amsa.

Wasiƙar da Turanci ake rubuta ta, kada ta wuce rabin shafi. Ta ƙunshi kwas ɗinka da ajinka, ranar farawa da ta gamawa, sashen da kake so, da abu ɗaya da ka riga ka iya. A hukumar gwamnati ana rubuta wa shugaban hukumar, a jawo hankalin daraktan kula da ma'aikata. A ƙaramin kamfani a rubuta wa mai wurin kai tsaye. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a kwafi wasiƙa ɗaya a manta ba a canza sunan kamfani ba, kuma sakatare na ganin haka kwandon shara za ta nufa.

A CV kada ka cika shafi da ranar haihuwa, addini da abin da kake sha'awa. Rubuta abin da ka taɓa yi, ko da a shagon gidanku ne: riƙe littafin ciniki, karɓar kuɗi ta POS, zama ma'ajin ƙungiyar ɗalibai. Adireshin imel ya zama sunanka na gaskiya, ba laƙabin da abokai ke kiran ka ba.

Kai takardar da ƙafarka, tsakanin Talata da Alhamis, daga ƙarfe goma zuwa sha biyu. Litinin taro ake yi, Juma'a kuma ofis kan watse da wuri. Ka tafi da kwafi biyu, a buga maka hatimin karɓa da kwanan wata a kan ɗaya ka riƙe. Wannan kwafin shi ne makaminka in aka ce ba a ga takardarka ba. Gaishe da maigadi da ma'aikacin rajista da mutunci, don su suka san tebur ɗin da fayil ya kwana. Bayan mako guda ka koma. Magana kaɗan ta isa: “Ranka ya daɗe, na kawo takardar neman IT ranar Talata, ga kwafin da aka buga mini. Ko ta isa ofishin ma'aikata?”

Neman alfarma ba abin kunya ba ne, Abuja da shi take tafiya. Amma ka sauƙaƙa wa wanda kake roƙo. Maimakon “Kawu, a taimaka mini da wurin IT”, ka ce masa ka riga ka kai takarda wuri kaza ranar kaza, abin da kake so kawai ya kira wane. Kiran minti biyu ya fi sauƙin yi fiye da ɗaukar nauyin nema gaba ɗaya. Wanda kuma ya ce ka biya kuɗin fom ko na gurbi, ko ya turo maka mahaɗi a WhatsApp yana neman lambar BVN, ɗan damfara ne.

Lissafin kuɗin mota

Wannan ne ke karya ɗalibai a wata na biyu. Wurare da yawa ba sa biyan ko sisi, alawus ɗin ITF kuwa kaɗan ne kuma ba ya zuwa kan lokaci, don haka kada ka sa shi a lissafi. Ɗauki kuɗin zuwa da dawowa na rana ɗaya ka ninka sau 22, ka ƙara na abincin rana. In misali naira 2,500 kake kashewa a mota, wata guda 55,000 ke nan, wata shida 330,000. Mai zama Mararaba ko Nyanya ya san cunkoson hanyar AYA da safe, mai zama Gwagwalada ya san nisan gari. Ofishi matsakaici a Kubwa ko Lugbe kusa da gida, wanda za ka je kullum, ya fi babban suna a tsakiyar birni da za ka riƙa zuwa sau biyu a mako. A riƙa hawa mota a tasha, musamman da yamma, saboda 'yan wan-cans, masu fashi da ke ɗaukar fasinja a mota kamar ta haya.

Makon farko da logbuk

In SIWES ne, da zarar ka fara ka cike fom ɗin SCAF, na sanar da ITF cewa ka fara horo, wurin aiki su sa hannu da hatimi, ka kai ofishin ITF mafi kusa a makonnin farko. Masu jinkirta wannan su ne ke shan wahala a ƙarshe lokacin da za a buga wa logbuk hatimi tare da fom na 8, wato fom ɗin ITF na kammala horo.

Logbuk kullum ake cika shi, mai kula da kai ya sa hannu duk ƙarshen mako. Wanda ya bari sai watan ƙarshe zai zauna ya ƙirƙiro aikin wata shida da biro ɗaya a dare ɗaya, kuma malaman da ke zama a kan kare rahoto sun san kamannin irin wannan. Rubutun ma ya zama mai nama. “Na yi aiki a sashen kuɗi” bai faɗi komai ba. “Na tantance bauca 40 na watan Maris da rasit ɗinsu, uku ba su da sa hannun mai amincewa” shi ne rubutu, kuma daga irinsa za ka ciro CV ɗinka nan gaba. Ko horonka na ƙashin kai ne, sayi littafi ka yi hakan.

A ranar farko ka faɗa wa mai kula da kai lokacin da za ka riƙa fita salla da na Juma'a, a daidaita tun wuri. Kada ka zauna jiran a ba ka aiki. Duba wanda takardu suka fi taruwa a teburinsa ka ce, “Hajiya, ko akwai abin da zan rage miki?” Aikin farko zai zama jera fayil. Yi shi da kyau, ka karanta abin da kake jerawa, domin daga nan ake gane wanda za a ba na gaba.

Abin da ya kamata ka fita da shi

Na farko, daidaita littafin kuɗin kamfani da bayanin banki. A aji ana koyar da shi a allo, a ofis kuwa duk ƙarshen wata ake yi, kuma kusan kowace intabiyu ta akanta tana taɓo shi. Ka ɗauki bayanin banki na wata da littafin kuɗi, ka bi su layi-layi kana yi wa waɗanda suka dace alama. Abin da ya rage kashi biyu ne. Akwai wanda banki ya sani kamfani bai rubuta ba, kamar cajin banki ko kuɗin da abokin ciniki ya turo ba sanarwa. Wannan a littafin kuɗi ake gyara shi. Akwai kuma wanda kamfani ya rubuta bai bayyana a banki ba tukuna, kamar cakin da aka bayar ba a kai ba. Wannan a takardar daidaitawa ake nuna shi. Misali littafi ya nuna 1,250,000, banki ya nuna 1,418,500. Ka gano cajin banki na 31,500 da ba a shigar ba, littafi ya koma 1,218,500. Ka gano cakin 200,000 da ba a kai ba, ka cire daga na banki, shi ma ya koma 1,218,500. In bayan haka akwai saura, raba bambancin da 9. Idan ya rabu daidai, akwai yiwuwar an juya lambobi ne, an rubuta 45,000 a maimakon 54,000.

Na biyu, kalandar haraji da albashi. Harajin VAT kashi 7.5 cikin ɗari ne tun Fabrairun 2020, ana miƙa bayaninsa zuwa ranar 21 ga wata mai bi wa hukumar tara haraji ta tarayya, wadda aka sani da FIRS kafin sabuwar dokar 2025 ta mayar da ita NRS. Harajin albashi na PAYE zuwa ranar 10 ga wata ake tura shi, na mazauna Abuja kuma ga hukumar haraji ta Abuja, FCT-IRS. Fansho, bisa dokar 2014, mafi ƙaranci kashi 8 daga ma'aikaci, kashi 10 daga mai aiki. Ka roƙi a bar ka ka zauna kusa da mai shirya albashi ko sau ɗaya, daga farko har ƙarshe.

Na uku, Excel. Ba buɗe shi da rubuta sunaye ba: SUMIF, VLOOKUP ko XLOOKUP, da teburin Pivot. Mako biyu na awa ɗaya kullum a YouTube ya isa a kama su. In ofishin na amfani da manhajar lissafi irin su Sage 50, QuickBooks ko Tally, koyi shigar da ciniki da fitar da rahoto. Ɗalibin talla kuma ya koyi rubuta rahoton ciniki na mako, da lissafin nawa aka kashe a talla da nawa ya dawo. Na gudanarwa ya koyi ƙidayar kaya a sito, rubuta bayanin taro, da yadda ake neman farashi daga 'yan kwangila uku kafin a saya.

Abin da ke jawo kora ko ɓacin suna

Ɗaukar hoton takardun ofis da waya, ko don rahoton makaranta ne. Albashin mutane da bayanan abokan hulɗa amana ne, kuma dokar kare bayanai ta 2023 ta hau kansu. Nemi izini, a ba ka fom wanda ba a cike ba. Kada ka sa hannu a kan kaya ko kuɗin da ba ka ƙirga da kanka ba. Kada ka yi aiki da lambar sirrin wani, kada ka karɓi kuɗin kamfani ta asusunka ko da oga ne ya ce. In ka yi kuskure a lissafi, faɗa a ranar. Gyaran kwana ɗaya minti biyar ne, na bayan rufe wata kuwa sai an tayar da ofis.

Ɗalibai mata su sani ba dole ba ne a bi wani “ganin abokin hulɗa” a otal bayan tashi daga aiki. Duk wanda ya matsa, a adana saƙonninsa, a sanar da mai kula da SIWES na makaranta, a nemi canjin wuri. Ana canzawa, kuma makin ba ya hannun mutum ɗaya.

Mako biyu kafin ka gama, nemi takardar shaidar kammalawa mai kan sunan kamfani, wadda ta ambaci ranakun da ayyukan da ka yi. Ka rubuta daftarin da kanka ka kai a gyara, don oga ba shi da lokacin zama ya tuno. Ka tambaye shi ko zai yarda ka sa sunansa a CV. Sannan ka tambaya ko za su neme ka lokacin bautar ƙasa, domin wasiƙar buƙata daga kamfani takan taimaka wajen tura mutum wurin aiki in an kawo shi Abuja.

Jarrabawar ƙwararru da sauran ƙofofi

Digiri kaɗai ba ya mayar da mutum ƙwararren akanta. ICAN, cibiyar ƙwararrun akantoci wadda doka ta kafa a 1965, tana da jarrabawar ƙaramin mataki mai suna ATS, mai kashi uku, kuma da kiredit biyar na sakandare har da Turanci da Lissafi ake shiga, don haka ɗan aji ɗaya ko biyu na iya farawa. Wanda ya gama ATS ana yafe masa matakin farko na babbar jarrabawar. Amma a yi lissafi: mai digirin akanta daga sashen da ICAN ta amince da shi shi ma yana samun yafiyar darussa, saboda haka ATS ya fi amfani ga masu karanta tattalin arziki, banki ko gudanarwa da ke son juyawa zuwa akanta, da kuma wanda ke son ya rage hanya tun yana makaranta. Ɗaya hanyar ita ce ƙungiyar akantoci ta ANAN, mai kwalejin horar da akantoci a Kwall kusa da Jos, wadda sai bayan digiri ko HND ake shiga. Masu son haraji suna da CITN, ma'aikatan banki CIBN, masu kula da ma'aikata CIPM, ita kuma NIM ta masu gudanarwa tana da shiri na musamman ga masu bautar ƙasa. Ɗaya za ka zaɓa, wadda ta dace da aikin da ka ɗanɗana ka ji zai yi maka. Tara satifiket biyar na kwasa-kwasan kwana biyu ba ya motsa mai ɗaukar aiki.

A cikin makaranta, riƙe muƙamin ma'aji ko sakataren kuɗi a NUASA, ƙungiyar ɗaliban akanta, ko ƙungiyar sashenku horo ne na gaske in ka ajiye lissafi tsaf. Baje kolin ƙasa da ƙasa da cibiyar 'yan kasuwa ta Abuja ke shiryawa a harabarta da ke hanyar filin jirgi wuri ne da za ka tarar da kamfanoni da yawa a rana ɗaya; je da kwafin CV, ka nemi sunan mai kula da ma'aikata a kowace rumfa. Mai ƙaramar sana'a ya riƙa duba shirin gidauniyar Tony Elumelu, wanda ake buɗe nemansa ranar 1 ga Janairu kuma yake ba da jarin dala 5,000 bayan horo. Bayan bautar ƙasa akwai shirin NJFP na gwamnatin tarayya da UNDP, hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda aka ƙaddamar a 2021, mai tura matasan da ba su wuce shekara 30 ba kamfanoni na wata goma sha biyu. Ba kullum ake buɗe shi ba, don haka a ajiye takardar kammala bautar ƙasa, sakamakon digiri da lambar NIN a waya cikin tsarin PDF, kuma a tabbata sunan da ke kansu iri ɗaya ne harafi da harafi, domin bambancin Muhammad da Mohammed kaɗai na iya tsayar da mutum a matakin tantancewa.